Daga Dutsen Mesa Zuwa Ɗakin Zane na Zariya: Tarihin Koyon Zane da Riƙon Kayan Fasaha a Kudancin Jigawa

Tarihin koyon zane da sassaƙa a matakin kwaleji a Arewacin Nijeriya yakan fara ne, a wurin yawancin marubuta, daga shekarar 1955, lokacin da aka ɗauke sashen koyar da zane daga Ibadan aka mayar da shi Zariya. A cikin wannan shekarar ce kuma sunan Birnin Kudu ya shiga rubuce-rubucen masana na duniya, saboda zanen shanun da ke jikin kogwannin duwatsunta da kuma duwatsu masu amo da ke kewaye da kogwannin. Abubuwan nan biyu sun faru a lokaci ɗaya, a ƙarƙashin gwamnati ɗaya, a cikin Jihar Arewa ɗaya, amma kowannensu ya kama hanyarsa: zanen da ke jikin dutse ya faɗa hannun ma'aikatan kayan tarihi, waɗanda aikinsu shi ne aunawa da rajista da gadi, shi kuwa zanen da ake koya a aji ya faɗa hannun malaman da suka zo da manhajar Landan. Bin sawun waɗannan hanyoyi biyu, da dalilin da ya sa suka jima ba su gamu ba, shi ne ke bayyana matsayin da Birnin Kudu da Gwaram suke da shi a tarihin wannan fanni na ilimi.

Ƙasar duwatsu

Birnin Kudu tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Potiskum da Maiduguri, fiye da kilomita 100 kudu maso gabas da Kano, Gwaram kuma tana gaba da ita, a kan iyaka da Jihar Bauchi. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, dukkansu suna cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma a ƙarni na 19 garuruwa ne na bakin iyakar Masarautar Kano, waɗanda suka sha fama da hare-haren Ningawa daga kudu. Abin da ya bambanta wannan yanki da arewacin Jigawa, inda jigayin rairayi suka mamaye ƙasa har jihar ta samo sunanta daga gare su, shi ne duwatsu. Manyan duwatsu ne masu tauri, waɗanda rana da ruwa suka daddatsa cikin dubban shekaru har suka hau kan juna, suka bar inuwa da rufi a ƙarƙashinsu, kuma jerinsu ya bi ta Fagam da Farin Dutse a ƙasar Gwaram, ya tsallaka zuwa Shira ta gabas, ya gangara Ningi da Geji ta kudu.

Wannan jeri yana da muhimmanci ga mai nazarin zane, domin ba a Birnin Kudu kaɗai aka sami zane a jikin dutse ba. Akwai shi a duwatsun Shira, akwai shi a Shadawanka kusa da garin Bauchi, akwai shi kuma a Geji, inda sunan wurin ma, Dutsen Zane, ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa, kuma Hamo Sassoon ya ba da rahoton zanen yankin Bauchi a mujallar Man a 1960. Gwaram ita ce mahaɗar da ke tsakanin rukunin Birnin Kudu da na Shira, ta yadda wanda ya dubi taswirar duwatsu zai ga yanki ɗaya, wanda ya dubi taswirar mulki kuwa zai ga jihohi biyu da masarautu da dama. Makiyayan da suka yi zanen sun bi ruwa da ciyawa da inuwa, iyakokin da suka raba aikinsu gida biyu kuwa sun zo ne daga baya ƙwarai, kuma wannan rabuwa tana daga cikin matsalolin da masu riƙon kayan fasaha suka gada.

Abin da ke jikin dutsen

Wuraren da suka fi shahara a Birnin Kudu su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu da Dutsen Zango, kuma abin da aka fi zanawa a cikinsu shanu ne, da jan launi mafi yawa, tare da fari da baƙi a wasu wurare. Wasu an zana kewayen jikinsu kawai, wasu kuma an cike jikin da launi baki ɗaya, abin da ke nuna cewa hannu fiye da ɗaya ne ya yi aikin, a salo fiye da ɗaya. Wanda ya saba da shanun kasuwannin wannan yanki, wato bunaji farare da rahaji jajaye masu dogon ƙaho, zai lura da wani abu tun kallon farko: layin bayan yawancin shanun da ke jikin dutsen ya miƙe ne daga wuya zuwa gindin wutsiya ba tare da ya tashi a kan kafaɗa ba. Ba su da tozo. Wasu masu dogayen ƙahoni ne, wasu kuma gajerun ƙahoni gare su irin na muturu, wato 'yar ƙaramar saniyar nan marar tozo da ta rage a wasu sassan tsakiya da kudancin Nijeriya. Tun da yake shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma, kuma har yau irinsu ya wanzu a kuri na Tafkin Chadi da ndama na ƙasar Gini, layi ɗaya da mai zane ya ja ba tare da ya lanƙwasa shi ba ya zama hujjar tarihi, yana shaida cewa garkunan da suka yi kiwo a gindin waɗannan duwatsu ba irin na yau ba ne.

Wannan shi ne darasin farko da ake koya wa ɗalibin zane a kowace kwaleji, wato ya zana abin da idonsa ya gani, ya bar abin da zuciyarsa ta saba da shi. Mai zanen Dutsen Mesa ya san inda ƙaho ke fitowa daga kai, ya san yadda ƙafa ke ɗaukar nauyin jiki, ya kuma san abin da zai bari a waje domin siffar ta fito da layuka kaɗan, alhali yana aiki ne a kan bango marar laushi, wanda ke da tudu da kwari, da launin da aka niƙa daga ƙasa da duwatsu.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ba da ƙara mai kama da ta kuge, wato ƙarfen nan da ake kaɗa wa sarakuna. A jikinsu akwai 'yan ramuka masu santsi da yawan bugu ya haƙa, kuma kowane gurbi yana ba da murya dabam, har mai kiɗa yana iya haɗa su ya fitar da zaƙin sauti. Bernard Fagg, wanda a lokacin yake riƙe da Gidan Tarihi na Jos, shi ne ya fara bayyana su ga masana, ya kuma rubuta cewa a Birnin Kudu aka fara gano irinsu a watan Yuni na 1955. Ya gabatar da takarda a kan zanen da duwatsun a taron masana tarihin farkon ɗan Adam na Afirka karo na uku, wanda aka yi a Livingstone ta ƙasar Zambiya ta yau a 1955, sannan ya buga wani bayani a mujallar Man a 1956, daga nan aka shiga gano irin waɗannan duwatsu a wasu ƙasashen Afirka da wajenta. Ya kuma lura da alaƙar Dutsen Murufu da al'adun aure na garin, inda amare da ƙawayensu suke zuwa kogon a lokacin biki, da kuma faifan duwatsu masu sulɓi da yara suke zamiya a kansu. Ashe wurin bai taɓa zama kufai ba, domin mutanen gari suna amfani da shi tun kafin wani Bature ya zo da ma'auni da kyamara.

Zane a gidan sana'a

Tsakanin zamanin waɗannan makiyaya da zuwan makarantar boko akwai ƙarnoni masu yawa, waɗanda a cikinsu koyon zane a ƙasar Hausa ya zauna a gidan sana'a, ɗa yana koya a wurin uba, bara yana koya a wurin ubangida. Bayan da Musulunci ya kafu, kuma malamai suka yi bayanin hukuncin suranta abu mai rai, musamman mutum-mutumi mai inuwa, sai gwanintar masu zane ta karkata ga siffofin da ba su kwaikwayi halitta ba, ta kuma kai matuƙa a can. Daga nan aka sami zayyana, wato ƙawata allo ko shafin Alƙur'ani da layuka da launuka, wadda ake yi wa ɗalibin da ya sauke. Aka sami aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga. Aka sami dagi, wanda daga baya ya zama tambarin Arewa. Aka sami zanen ƙwarya da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, da aikin dukawa a kan jar fata, da sassaƙar turmi da akushi da kujerar mata.

Babu inda wannan gwaninta ta fi kusa da abin da kwaleji ke kira sassaƙa kamar a aikin magina. Magini yakan ɗora ɗanyen birji a fuskar zaure, ya bi shi da yatsu da gefen tafin hannu tun bai bushe ba, yana tayar da wani wuri yana danne wani, har zane ya fito ya yi tudu a jikin bango, sannan a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ta kare shi daga ruwan sama. Aiki ne da ba ya jiran mai shakka, domin idan ƙasar ta sha iska ba ta ƙara karɓar gyara. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, shi ne babban misalin inda gini da sassaƙa suka zama abu ɗaya, tun daga bakan gizon da ke ɗauke da rufin har zuwa adon da ke jikin ginshiƙai. Wannan tsari yana da nasa shugabanci, domin akwai Sarkin Magina da Sarkin Maƙera da sauran masu sarautun sana'a, waɗanda suke raba aikin fada, su sasanta rikici, su kuma tsare mutuncin sana'ar. Riƙon harkar fasaha, ke nan, ya girmi ofis a ƙasar Hausa, sai dai sunansa a wancan lokaci sarauta.

Makaranta da ofis

Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ta haɗa da sashen koyar da sana'o'in hannu, inda gwanayen gari suke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki, don haka shigar fasaha cikin makarantar boko a Arewa ta ƙofar sana'a ta biyo. A Kudu kuwa ta ƙofar zanen siffa ta shiga, ta hannun Aina Onabolu, wanda ya yi karatun zane a Landan da Faris daga 1920 zuwa 1922, ya dawo yana koyarwa a makarantun Legas, ya kuma matsa wa gwamnati lamba ta ɗauko ƙarin malamai. Sakamakon haka ne Kenneth Murray ya iso Nijeriya a 1927 a matsayin malamin zane, kuma cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu, wanda daga baya ya zama mashawarcin gwamnatin tarayya a kan harkar zane.

Abin lura a nan shi ne cewa wannan malamin zane, Murray, shi ne aka naɗa shugaban farko na Ma'aikatar Kayan Tarihi lokacin da aka kafa ta a 1943, saboda shi ne ya daɗe yana kuka a kan yadda gara da 'yan kasuwa suke cinye sassaƙe-sassaƙen ƙasar. A wannan shekarar ce kuma aka kai wa Fagg wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, wanda ya zama mabuɗin gano al'adar Nok. An buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952, aka kafa Dokar Kayan Tarihi a 1953, wadda ta ba da ikon ayyana wani wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa da hana fitar da kaya waje ba da izini ba, aka buɗe Gidan Tarihi na Legas a 1957, kuma a wannan shekarar ce Fagg ya gaji Murray, ya riƙe shugabancin har 1963. A ƙarƙashin waccan doka ta 1953 aka ayyana duwatsun Birnin Kudu masu zane, cikin shekarun 1950 da 1960, a matsayin wuraren tarihi na ƙasa. Ekpo Eyo ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci ma'aikatar a 1968, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta mayar da ita Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda har yau ita ce ke riƙe da wuraren, kuma tana da cibiyar bayanin zanen duwatsu a garin Birnin Kudu.

Ɗakin zane na Zariya

Sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya ya fara aiki a Ibadan a 1953, ya koma Zariya a 1955, kuma shi ne wuri na farko a ƙasar da aka koyar da zane da sassaƙa a matakin gaba da sakandare har a ba da babbar difloma. Manhajarsa ta Ingila ce, yana da alaƙa da makarantun Slade da Goldsmiths na Landan, kuma yawancin malamansa Turawa ne, in ban da irin su Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta koyar a can tun daga farkon komawar sashen. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya zama nata, difloma ta koma digiri, daga baya kuma aka raba shi gida biyu, wato sashen zane da sassaƙa, da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yumɓu da saƙa da rini da zanen talla da aikin gilashi.

Abin da ake nufi da karatun ɗakin zane shi ne ilimin da ake samu ta hanyar yi da hannu a gaban malami, saɓanin wanda ake samu ta sauraron lacca. Ɗalibi yakan tsaya a gaban allon da aka ɗora wa takarda, ya miƙa hannunsa har ƙarshe yana riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon kan wanda aka zaunar masa da babban yatsa, sannan ya ƙirga sau nawa wannan tsawo ya shiga cikin jikin baki ɗaya kafin ya aza gawayi a kan takarda. A ɗakin sassaƙa kuwa yakan fara ne da ƙashin aiki, wato ƙarfe da waya da aka lanƙwasa domin su riƙe nauyi, ya riƙa ɗora yumɓu a kai yana rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace yamma don kada hunturu ya tsaga shi, sannan ya zuba masa farar ƙasar ɗaukar siffa, ya ɓare ta gida biyu ko fiye, ya cika gurbin da siminti ko narkakken ƙarfe. A ƙarshe a jera ayyukan a bango ko a fili, malamai da ɗalibai su yi ta suka da gyara a bainar jama'a. Wanda ya san gidan magina zai ga cewa bambancin ba shi da yawa ta fuskar horo, sai dai a kwaleji an ƙara tarihi da nazarin gaɓoɓin jiki da jarrabawa da takardar shaida.

A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Aƙidarsu, wadda Uche Okeke ya tsara a daidai lokacin samun 'yancin kai a 1960, ita ce mai zane ya karɓi dabarar da makaranta ta koya masa, ya haɗa ta da fasahar gidansu haɗin da babu tilas a cikinsa. Kowannensu ya waiwayi tushensa: Uche Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya gina makarantar Nsukka a kansa bayan yaƙin basasa, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ya koma ga rayuwar Yarbawan Legas, Nwoko kuma ya yi nazarin gasasshen yumɓun Nok ya fitar da nasa aikin a kan wannan tafarki cikin shekarun 1960. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana makaɗa da mahayan Arewa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma waɗannan matasa sun tabbatar da haka, sai dai kowa zumar gidansu ya ɗebo. Tun da yake yaran da suka tashi a gindin Dutsen Habude ko duwatsun Fagam ba su cikin wannan sahu na farko, saboda ƙarancin makarantun sakandare a Arewa a wancan lokaci da kuma ɗari-ɗarin da iyaye suke yi da karatun da ya ƙunshi suranta mutum, shanun Birnin Kudu ba su haifar da wata makarantar zane da ake kira da sunansu ba, kamar yadda uli ta haifar da ta Nsukka, ko ona, wato adon gargajiyar Yarbawa, ta haifar da ta Ife a 1989.

Inda mai zane da mai gadi suka haɗa hannu

Tarihin wasu wurare ya nuna abin da ake samu idan aka haɗa fannonin nan biyu, da kuma abin da ake asara idan aka bar ɗaya shi kaɗai. A 1956 da 1957 Henri Lhote ya jagoranci wata tawaga da ta ƙunshi masu zane zuwa duwatsun Tassili a kudancin Aljeriya, suka kwafi ɗaruruwan zane, cikinsu har da garkunan shanu, aka baje kolinsu a Faris, duniya ta san da su, har UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Sai dai tawagar ta riƙa jiƙa zanen da ruwa domin launinsa ya fito, abin da ya yi masa lahani, wanda ke nuna cewa mai zanen da ba a koya wa adanawa ba yana iya ɓata abin da ya zo yabo. A Faransa an rufe kogon Lascaux a 1963 saboda numfashin maziyarta yana lalata zanensa, aka sa masu zane da masu sassaƙa suka ƙera kwafinsa, aka buɗe shi ga jama'a a 1983. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na Dabous da aka sassaƙa a jikin dutse a yankin Ayar, waɗanda babbansu ya haura mita 5, an ɗauki siffarsu a 1999 da irin dabarar da ake koyarwa a ɗakin sassaƙa, aka zuba kwafi da sanholo, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. A Nijeriya ma, kurmin Osun na Osogbo ya tsira ne saboda aikin Susanne Wenger da masu sassaƙan garin da ta yi aiki tare da su, kafin ya shiga jerin UNESCO a 2005.

Wannan haɗi shi ne ainihin abin da ake kira riƙon harkar fasaha a matsayin fannin karatu, wato sanin yadda ake rajistar aiki da adana shi, da shirya baje koli, da neman kuɗi da tsara kasafi, da sanin doka, da kuma sasantawa da masu unguwanni da masu gonaki da masu fasa dutse, waɗanda su ne maƙwabtan wurin dare da rana. Nijeriya ta fara koyar da wani ɓangare nasa da wuri, domin an buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO a 1963, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashe renon Ingila da renon Faransa. Daga baya aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a 1975, aka yi bikin FESTAC a 1977, aka fitar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988, aka kafa Gidan Zane na Ƙasa a 1993. Amma wannan yawan hukumomi ya ƙara tabbatar da tsohon rabon ne, domin zanen da ya tsufa yana hannun wata hukuma, wanda aka yi jiya yana hannun wata, horar da mai zane kuma yana hannun ma'aikatar ilimi.

Abubuwan da ke barazana ga zane a jikin dutse sanannu ne a ko'ina: ruwan da ke tsiyaya ta tsagar rufi, da hayaƙin wutar da ake hurawa a cikin kogo, da sunayen da matasa suke rubutawa da gawayi ko fenti, da gidajen zanzaro, da faɗaɗar gari, da kuma fasa dutse domin tsakuwar gini, wanda shi ne mafi muni saboda ba ya barin abin gyara. Shinge da mai gadi suna rage wasu daga cikin waɗannan, amma ba sa sa ɗan gari ya ji cewa abin nasa ne. A yau ɗalibin Birnin Kudu ko Gwaram da ke son wannan karatu yana iya samunsa a Zariya, ko a Jami'ar Maiduguri, ko a Kano, jiharsa kuma ta sami Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, Birnin Kudu ma ta daɗe da Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye manyan mutane da yawa. Idan irin wannan ɗalibi ya zauna a gaban saniyar Dutsen Mesa da takarda da fensir, ya miƙa hannu ya auna ƙahonta da tsawon jikinta kamar yadda aka koya masa, zai gano da hannunsa irin shawarar da mai zanen farko ya yanke a kan kowane layi, kuma wanda ya sha wahalar kwafar layin bayan nan marar tozo shi ne zai fi kowa sanin abin da za a rasa ranar da aka kawo guduma.